Bayan Faranti

A soron kakana, cikin Birnin Zindar, akwai wani faranti da aka manna a ƙololuwar rufi, daidai inda bakan gizo ya gitta ɗan'uwansa. Fari ne, an kewaye bakinsa da ganyaye da furanni shuɗɗa, a tsakiya kuma ga jinjirin wata da tauraro. Duk yaron da ya tashi a gidanmu a kwance ya san farantin nan, don a soron muke baje tabarma in rana ta take, mu yi rigingine muna kallonsa har barci ya kwashe mu. Labarin da muka gada shi ne kakan kakanmu, wanda ya yi fatauci a zamanin Sarki Tanimun na Damagaram, shi ya zo da shi daga Tarabulus a bayan raƙumi, naɗe cikin tsumma, ya ratso Gat da Agadas da shi ko tsagewa bai yi ba. Da na yi lakwal na zama malamin tarihi, sai na ƙara wa miyar gishiri. Na ce aikin Musulmi ne, in ba na Santambul ba to na Masar. Ga wata, ga tauraro, wace shaida kuma ake nema? Shekara da shekaru ina faɗa wa ɗalibaina haka, wasunsu ma har gida na kawo su suka ɗaga kai suka gani.

Na fara da farantin ne don a san da wane ido na dubi wata baiwar Allah a shekarar 2010.

A wannan shekara aka shirya wani baje kolin sana'o'in hannu a nan Damagaram, aka sa ni cikin masu tantance abin da za a ajiye a rumfar kayan gado. Dukawa suka kawo batta da jaka da takalma, maƙera da masaƙa kowa ya kawo nasa. Daga Mirya, wadda duk ƙasar nan ta san ta da ginin tukwane, mata suka zo da tuluna da randuna da kasake. Cikinsu akwai wata dattijuwa, ƴar'uwar mahaifiyata ce ta nesa, Inna muke ce mata. Tun ina ƙarami, duk tulun da aka sha ruwa a gidanmu daga hannunta ya fito. Kilomita 18 ne tsakanin Mirya da Zindar. Ta biya kuɗin mota, nata da na kaya, ta taho da murna don ta ji ɗanta na cikin masu zaɓe.

Da ta kwance buhu sai na ga abin da ban taɓa gani a hannunta ba. Kwanonin ƙasa ne masu murfi, guda shida, ƙirarsu sak irin ta langar da ake jere da ita a ɗakin amarya, har da ɗan mariƙin nan na saman murfi. Ta shafe su da farar ƙasa fat, sannan ta zana musu furanni shuɗɗa masu faɗin ganye, irin na jikin kwanonin da ake kawowa daga Sin. Shuɗin kuwa bular wanki ce, ta dama ta da ƙaro, ta zana bayan an fito da kwanonin daga wuta.

Ko ɗauka in juya ban yi ba. A gaban sauran masu zaɓe, da matan Mirya da ke tsugune suna jiran nasu layin, na ce: "Inna, wannan ai ba namu ba ne. Kwaikwayon kayan Sin ne. Mu kayan gado muke nema. Ki mayar da su, ki bar mana tulunan." Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma bakin malamin lakwal ba ya gajiya. Na juya wajen abokan aikina na yi musu huɗuba da Faransanci a kan yadda kayan waje ke cinye mana al'ada. Lokacin Sinawa na cikin ginin matatar man Soraz, maganar Sinawa ce a bakin kowa a gari, don haka huɗubar ta samu karɓuwa. Har na kawo misali da farantin soronmu. Na ce kakanninmu in za su yi sha'awar abin waje, na ƙwarai suke sha'awa, na ƴan'uwanmu Musulmi, mu kuwa yau mun ƙare a kwaikwayon tarkacen kasuwar Dole.

Inna ba ta jin Faransanci, amma fuska ba ta bukatar tafinta. Ta bari na gama, sannan ta ce: "To, Mushe." Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, sai dai ita ba ta taɓa kirana da shi ba, kullum "ɗan nan" take ce mini. Ta ƙara da cewa: "Amaren yanzu ba sa son jan kasko a jere. Na ce bari in yi musu abin da idonsu ke so, da ƙasarmu." Ta mayar da kwanonin cikin buhu ɗaya bayan ɗaya, tana cusa ƙaiƙayi a tsakaninsu. Ni kuwa na wuce kan na gaba, ina jin na kare gadon Damagaram.

Daminar 2012 ta zo da ruwa mai yawa. Rufin soron ya jiƙe ya tsage, aka kira magina. Babbansu ya ce sai an sauke farantin kafin a taɓa azara, shi da kansa ya hau ya ɓamɓaro shi a hankali ya miƙo mini. Tun ranar da aka manna shi babu mahalukin da ya ga bayansa. Na kai shi bakin randa na soma wanke laka. Hatimi ya fara bayyana: wata dabba a kwance mai jikin zaki da kan mutum, irin gunkin nan da ke gaban dalar Giza. Zuciyata ta yi fari, na ce to ga Masar ɗin. Na ƙara murza yatsa. Ƙarƙashin dabbar an rubuta Petrus Regout, da sunan garin Mastirik, sai wasu kalmomi uku na Ingilishi masu cewa a Holan aka yi shi.

Masana'anta ce da wani ɗan kasuwa mai wannan suna ya kafa a shekarun 1830, tana fitar da faranti da kofuna dubbai ana rarrabawa duniya. Sun san kan kasuwa: kayan da za su tafi ƙasashen Musulmi sukan sa musu wata da tauraro. Rubuta sunan ƙasa da Ingilishi a bayan kaya kuwa ya bazu ne bayan wata dokar haraji da Amurka ta yi a 1890. Sarki Tanimun ya rasu a 1884. Ko ta Tarabulus farantin ya biyo ko ta Kano, bai riski zamaninsa ba. Furannin ma ba hannu ya zana su ba, a takarda aka buga su aka manna. Da na kawo shi kusa da ido na ga inda bakin takardar ya haɗu, wani ganye ya yanke bai dace da rabinsa ba. Shekara talatin ina kallon ganyen nan daga ƙasa.

Zan faɗi gaskiya, a ranar ko tuna Inna ban yi ba. Kaina kawai na tausaya wa, da ɗaliban da na cika wa kunne. Sai na shiga neman littattafai, da na takarda da na intanet, da wata muguwar niyya: in gano cewa ko da Nasara ne suka yi farantin, salon shuɗi a kan fari namu ne na Musulmi, su suka sata. Mafita nake nema. Abin da na tarar ya fi ƙarfin niyyata.

Marubucin tarihi Baihaƙi ya ba da labarin gaisuwar da gwamnan Kurasan, Aliyu ɗan Isa, ya aika wa Halifa Haruna Rashid. Cikin kayan akwai tangaran 20 irin na fadar sarkin Sin, waɗanda ba a taɓa ganin kamarsu a fadar halifa ba, ban da wasu 2,000 na gama-gari. Wani littafin matafiya na Larabci da aka rubuta a 851 ya yi mamakin yumɓun Sinawa, wanda ake gina ƙoƙo da shi ya yi shara-shara har ana hango ruwan da ke ciki. Kuma abin bai tsaya a fada ba. A 1998 masu nutso suka ci karo da wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibirin Belitun na Indunusiya. Ƙirar Larabawa ce, katakansa a ɗinke da igiya babu ƙusa, ya taso daga Sin ya nufo yamma da kwanoni da tuluna kusan 60,000 a cikinsa. Ɗaya daga kwanonin na ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 826. Lodin jirgi ɗaya ke nan.

To, ka sa kanka a matsayin maginin tukwane a Basra, inda irin wannan kaya ke sauka. Masu hannu da shuni sun daina kallon rumfarka. Ka ɗauki ƙoƙon Sin ka ƙyasta da farce, ka ji yana amo kamar ƙararrawa, ka ƙyasta naka ka ji ƙwas. Gwaninta kana da ita, ƙasa ce ba ka da. Tangaran na ainihi da wata irin farar ƙasa ake gina shi, mai jure wuta, a gasa shi a tanderun da zafinsa ke kai wa digiri 1,300, har yumɓun kansa ya narke ya haɗe ya zama kamar dutse. Yumɓun Iraƙi rawaya-rawaya ne, in aka kai shi wannan zafi sai ya lanƙwashe.

Ga dabarar da suka yi. Suka gina ƙoƙon da yumɓunsu, suka bi ƙirar ta Sin sak, da buɗaɗɗen baki da gajeren gindi. Sannan suka haɗa ruwan ƙarau, wato garin gilashi da dalma da ake shafa wa tukunya ya narke a wuta ya zama ƙyalli, suka zuba masa tokar kuza. Kuzar ta mayar da ƙyallin fari fat kamar nono, ya rufe launin ƙasar ruf. Daga nesa ba ka bambanta shi da na Sin. Da Jamusawa suka yi tono a kangon Samarra, birnin da halifofin Abbasiyya suka koma a 836, tsakanin 1911 da 1913, sun tarar da fasassun na Sin da na gida gefe da gefe a ƙasa ɗaya.

A nan na kife littafin. Yumɓun gari, an lulluɓe shi da fari don ya yi kama da kayan Sin, saboda idon masu saye ya koma can. Na ga buhun Inna, na ga ƙaiƙayin. Da a ce ni aka sa tantance kaya a kasuwar Basra a wancan zamani, da na kori abin da gidajen tarihi na duniya suke ajiyewa yau cikin akwatin gilashi suna kiransa mafarin fasahar tukwanen Musulunci.

Abin da ya biyo baya ya fi haka ƙona mini rai, don ya nuna inda kwaikwayo ke kai mutum in an ƙyale shi. Fararen ƙoƙunan Sin da suke kwaikwayo ba su da zane, farinsu shi ne adonsu. Maginan Basra kuwa da suka ga farin fili a gabansu, hannunsu bai haƙura ba, kamar almajirin da aka miƙa wa wankakken allo. Suka samo wani ma'adini, kobal, wanda wuta ba ta cinye launinsa, suka riƙa zana ganyen dabino, ko kalmar albarka guda ɗaya da rubutun Kufa, wani ma ya sa sunansa. Tawadar takan ɗan nashe cikin farin, kamar an ɗiga shuni a nono. Daga nan suka ƙago wani abin da Sinawa ba su da shi sam: a shafa garin azurfa da tagulla a kan ƙoƙon da aka riga aka gasa, a mayar da shi wuta mai hayaƙi, ya fito yana walƙiya kamar zinariya. Wasu masana na ganin hanin da shari'a ta yi na ci da sha a kwanon zinariya da azurfa ya taimaka wa wannan kasuwa. Wanda ya je Ƙairawan ta Tunisiya zai ga irin wannan aiki da idonsa a mihrabin babban masallaci, inda aka manna tayil ɗin da aka kawo daga Iraƙi wajen 862, suna nan har gobe.

Ba su daina neman jikin tangaran ɗin kansa ba. A Masar ta zamanin Faɗimiyya, daga baya a Sham da Farisa, sai suka bar dogaro da yumɓu suka koma niƙa dutse. Wani mutumin Kashan, Abul Ƙasim, wanda gidansu gidan magina ne, ya rubuta haɗin a 1301: awo goma na garin dutsen ƙanƙara, awo ɗaya na garin gilashi, awo ɗaya na farin yumɓu. Abin da ya fito fari ne har cikinsa, yana yin siriri, wani haske ma na ratsa shi. Tangaran bai zama ba, ya zama wani abu dabam mai nasa kyau.

Sai reshe ya juye da mujiya. A ƙarni na 14, lokacin da Mongol ke mulkin Sin da Farisa duka, maginan garin Jindezan suka soma zana shuɗi a kan tangaransu da kobal ɗin da ake kawo musu daga yamma, har daga baya Sinawa suka riƙa kiransa shuɗin Musulmi. Suna gina manyan faranti masu faɗi, alhali su a ƙananan ƙoƙuna suke cin abinci. Don mutane irinmu suke yin su, masu haɗuwa a kan akushi ɗaya. Akwai wasu tagwayen tuluna a wani gidan tarihi na Landan masu ɗauke da shekarar 1351, da su ake auna shekarun sauran. Daga baya suka riƙa kwaikwayon ƙirar butoci da tasoshin tagulla na Masar da Farisa, a zamanin sarkinsu Zande kuma, farkon ƙarni na 16, har da rubutun Larabci a jiki. Sarakunan Musulmi suka yi ta tarawa. Shah Abbas na Farisa ya yi waƙafin fiye da guda 1,000 ga hubbaren kakanninsa a Ardabil wajen 1611, fadar Tofkafi ta Santambul kuwa na da fiye da 10,000. Maginan Iznik na Turkiyya suka zauna suna kwaikwayon waɗannan. Wato Musulmi na kwaikwayon Basine da ke kwaikwayon Musulmin da ya kwaikwayi Basine. Santambul ɗin da nake tinƙaho da ita ke nan.

Farin kuza na Basra shi ma ya yi tasa tafiyar, ya bi ta Masar da Magrib ya shiga Andalus, ya haura Italiya, ya kai Holan. A ƙarni na 17 mutanen Delf suka yi amfani da shi wajen kwaikwayon shuɗi da farin Sin, don su ma a lokacin ba su san sirrin tangaran ba. Ingilishi suka ƙago bugawa da takarda, Mastirik ta ɗauka, wani bafatake ya saya, magini ya manna a rufin kakana. In ana neman jikan jikan kwaikwayo, to shi ne farantin da na kafa hujja da shi na kunyata Inna.

Kuma kayan Sin ba jiya suka soma zuwa wannan yanki ba. A kangon Tadmakka, arewa da Kidal a Mali, masu tono sun samu ɗan ɓallin tangaran na Sin wanda aka gasa tsakanin ƙarni na 10 da na 12. Ya ratso teku da hamada ya iso wannan yanki fiye da shekara 500 kafin a kafa sarautar Damagaram.

Da farko na so in sallami kaina da cewa rashin sani ne, ƙaramin sani kuma ƙuƙumi ne, shi ke nan. Amma da na zauna da kaina na ga uzurin bai isa ba, don akwai abubuwan da na sani sarai a ranar. Na san igwar Sarki Tanimun, wadda ba na gajiya da yabonta a aji. Maƙeranmu sun ga ta waje ne suka zuba tasu a nan cikin gari, suka haɗa albarushi, har ƙarfin Damagaram ya kai ana shakkarta daga Barno zuwa Kano. Ban taɓa ce wa wannan kwaikwayo ba, fasaha nake ce masa. Ranar baje kolin shadda ce a jikina, wadda ba a Damagaram aka saƙa ta ba. Matata na da atamfar Holan a akwati, wadda ita ma daga rinin mutanen Jawa aka kwaikwayo ta. Shayin da muka sha bayan tantancewar, irin wanda ake dafawa a kowace fadar samari a Zindar, ganyen Sin ne. Laifi tudu ne. Ni na yarda wa kaina in ɗauki abin da nake so daga ko'ina, in yi ado da shi, amma ita na yanke mata hukuncin ta tsaya inda kakarta ta tsaya, don in samu abin nuna wa baƙi. Roba da sanholam da langa suna cin kasuwarta kullum, ba ni ke kwana da yunwar ba.

Ba na cewa da na karɓi kwanonin nan da Mirya ta zama Basra. Basra na da dukiyar halifa a bayanta, da jiragen ruwa, da masu narka gilashi a unguwa ɗaya da magina. Kwanonin Inna ma suna da aibu na gaske: bula ba ta jure ruwa, wanki biyu furannin sun tafi. Kuma damuwar da nake da ita ba ta banza ba ce, don in tulun Mirya ya ɓace an yi asara, babu robar da ke sanyaya ruwa kamarsa. Amma ai ta kawo tulunan, ba ta bar su ba. Aibun kwanonin kuwa shi ne ainihin abin da ya kamata in tsaya a kai. Matsalarta ita ce ta maginan Basra, wato ina za a samu shuɗin da wuta ba ta ci, ruwa ba ya wankewa. Mu da muke da baba da shuni, rininmu na tufa ne, in ya shiga wuta toka yake zama. Ina aiki makaranta ɗaya da malaman kimiyya. Da na ɗauki kwano ɗaya na jiƙa yatsa na murza, da tambayar da zan yi ke nan, da wataƙila na kai ta inda za a amsa. Sai na tambayi abin da ba shi da amsa, wai namu ne ko ba namu ba.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Mirya, na naɗe farantin a tsumma na shiga mota. Na same ta a gida tana tankaɗe ƙasa. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka kawo ruwa. Na ce: "Inna, gafara na zo nema." Ta ce: "Ta me?" Na soma bayani, ta ɗaga hannu. "Na kwanoni? Ai an daɗe." Amma ba ta manta ba. Ta ce tun a motar komawa matan suka sa mata suna Basiniya, sunan kuma ya bi ta har kasuwa, yara ma sun ɗauka. Biyu daga kwanonin ta ba jikarta da za ta yi aure, sauran tana zuba gero da wake. Ba ta sake gina irinsu ba. "Tunda mai ilimi ya ce ba namu ba ne," in ji ta, tana dariya. Dariyar ta fi zagi zafi.

Na kwance tsumman na miƙa mata farantin, na ba ta labarinsa tun daga Basra har Mastirik, iya yadda zan iya. Rabin labarin bai dame ta ba. Ta ƙyasta shi da farce ta kara a kunne. Ta ɗaga shi ta duba rana, haske bai ratsa ba. Ta ce: "Wannan wuta ta ci shi da kyau." Sannan ta jiƙa babban yatsa ta murza furen, ta sake murzawa da ƙarfi, ta duba yatsan.

"Ɗan nan, shuɗin a ƙarƙashin ƙyallin yake. Ta ina suka shigar da shi?"

Na ce kafin a gasa ake sa shi, wani dutse ne da wuta ba ta ci, shi ne ma ake zubawa a gilashi ya ba da shuɗiyar kwalba, irin ta magani. Ta yi shiru. Can ta ce in bar mata farantin zuwa Lahadi mai zuwa. Magina suka gaji da jira suka shafe gurbin da laka. Lahadi ta zo ta wuce, ban tambaya ba, ita ma ba ta aiko ba.

Allah ya yi mata rasuwa a 2016. Bayan sadakar arba'in jikarta ta zo gida da ƙunshi biyu, ta ce: "Kawu, Inna ta ce in ta cika a kawo maka." Na farko farantin ne, cikin tsummansa. Na biyu wata ƴar ƙwarya ce cike da fasassun kasko, goma sha ɗaya na ƙirga, kowanne an shafa masa farar ƙasa an ɗiga wani abu a kai. Yarinyar ta ce takan sa yara su tsinto mata fasassun kwalabe shuɗɗa a juji, ta daka a turmin ƙarfe, ta niƙa a dutse, ta dama da ƙaro, in za a gasa tuluna ta cusa ɗan kasko ɗaya a inda wuta ta fi ƙarfi. Ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Yawancinsu garin bai narke ba, yana kakkaɓewa kamar yashi. Biyu sun yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi. A jikin ɗaya kuwa, can gefe, akwai wani ɗigo da bai fi ƙwayar wake ba, ya narke ya kama, yana ƙyalli, shuɗi mai duhu. Na jiƙa yatsa na murza, na sake murzawa. Bai fita ba.